Ranar Cunkoso: Yadda Hayar Kwamfutocin Gajimare Ke Sauke wa Kaduna Nauyi

A watan Fabrairun 2023, duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko titin Yakubu Gowon a Kaduna ya ga yadda jama'a ke yin dafifi a ƙofar bankuna tun da asuba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya janye tsofaffin, sababbin kuwa ba su wadata ba. Abin ya kai gwamnatin Kaduna ta haɗa kai da ta Kogi da ta Zamfara suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Kafin hukuncin ya zo, ciniki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kasuwar Kawo ya riga ya koma cikin waya. Mai tumatir da mahauci da mai Keke Napep, kowa ya haddace lambar akawun ɗinsa.

Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. "Alhaji, an cire mini fa, duba ko sun shigo." "Ba su shigo ba, Hajiya, sai dai ki ɗan jira alat." Haka aka riƙa yi a rumfa bayan rumfa, mai saye na tsaye da kaya a hannu, mai sayarwa na kallon waya. Manhajojin bankuna da dama sun yi ta sanƙarewa, domin mutanen da suka saba biyan kuɗi hannu da hannu sun auka musu gaba ɗaya cikin 'yan makonni. A wannan lokacin ne sunayen OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga bakin 'yan kasuwa, saboda an lura turansfa ta hanyarsu ta fi saurin shiga. Dalilan bambancin suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne yadda aka gina manhajar tun farko: shin tana iya buɗewa ta ɗauki ninkin jama'a a rana guda, ko kuwa iyakarta ƙarfin injinan da aka saya aka girke a ɗaki?

Amsar wannan tambaya ita ce ke kai mu ga abin da masana ke kira gajimare.

Ba wani abu ba ne a sararin samaniya. Kwamfutoci ne masu ƙarfi, waɗanda ake kira sabobi, dubbai a jere cikin manyan gine-gine masu sanyi da wutar da ba ta yankewa, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Kamfanonin na bayar da hayarsu ta intanet ga duk mai so, awa-awa, wani lokaci ma daƙiƙa-daƙiƙa. Wanda wayarsa ta faɗi a kasuwa, ya sayi wata, ya sa adireshinsa na Gmail ya ga lambobin mutanensa da hotunansa sun dawo, ya riga ya ci moriyar gajimare ko bai san sunansa ba. Haka wanda hirarrakinsa na WhatsApp suka dawo bayan ya sauya waya. Wannan ɓangaren ajiya ne kawai. Babban ɓangaren, wanda talaka ba ya gani, shi ne hayar ƙarfin aiki: injin da manhaja za ta zauna a kai, da rumbun da zai riƙe bayananta.

Tunanin ya daɗe. Tun a 1961 wani masani a Amurka, John McCarthy, ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta ga jama'a kamar yadda ake sayar da layin tarho. Sai a 2006 abin ya tabbata a kasuwa, lokacin da Amazon, kamfanin da aka sani da sayar da littattafai da kayayyaki, ya buɗe hayar ma'ajiya a watan Maris, ya biyo da hayar sabobi a watan Agusta, ƙarƙashin sashensa na AWS. Daga nan Google da Microsoft suka shigo, sannan kamfanonin Sin irin su Alibaba da Huawei.

Lissafin ranar Sallah

Wanda ya san tashar motar Kawo ya san yadda take a jajibirin Sallah. Fasinjojin Zariya da Kano da Katsina sun cika ko'ina, mota na cika tana tashi, wata na shigowa. Bayan mako guda kuma direba zai yi awa biyu yana jiran mutum uku. Mai harkar sufurin da ya sayi motoci talatin don ya wadatar da jajibiri, ashirin da biyar za su shekara a fake suna cin kuɗinsa. Wanda ya tsaya a kan biyar kuma zai bar fasinja a ƙasa ranar da aka fi samun ciniki. Da akwai inda zai ɗauko hayar ashirin da biyar da hantsi ya mayar da su da daddare, ya biya kuɗin wuni ɗaya, da matsalarsa ta ƙare. Irin wannan hayar ce gajimare ya kawo wa masu manhaja.

Kuma Kaduna gari ne mai yawan jajibiri irin wannan, domin gari ne na makarantu da ofisoshi. Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, NDA, wadda aka kafa a 1964, tana buɗe shafinta na neman gurbi kowace shekara, matasa daga jihohi 36 da Abuja su yi ca a kansa na 'yan makonni, daga nan shafin ya yi tsit. Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 2004, tana da makon rajista da makon fitar da sakamako. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada ma haka. A matakin ƙasa, masu zana jarrabawar JAMB sun kai wajen miliyan biyu a shekara, kuma tun 2015 dukkansu a kwamfuta suke yi. Da aka buɗe shafin N-Power a watan Yunin 2020 don ɗaukar mutum 400,000, sama da miliyan biyar ne suka nema. Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a shagon intanet yana jiran shafi ya buɗe da ƙarfe biyun dare, don a lokacin ne mutane suka ragu, ya san ciwon da ake magana a kai.

Yadda gajimare ke magance wannan ba shi da wuyar fahimta. Akwai wata fasaha da ke raba babbar kwamfuta ɗaya zuwa ƙanana masu yawa, kowace na aiki kamar mai zaman kanta. Saboda haka "sabuwar saba" ba sai an yi odarta daga Dubai an jira kwastan ba; umarni ake bayarwa, ta tashi cikin minti ɗaya ko biyu. Mai manhaja sai ya kafa ƙa'ida: idan aiki ya cika sabobin da ke akwai har kashi 70 cikin ɗari, a ƙara biyu, idan ya sauka ƙasa da kashi 30, a kashe biyu. A gabansu kuma akwai wata manhaja mai raba baƙi, duk wanda ya shigo ta tura shi ga sabar da ba ta cika ba. Ranar fitar da sakamako sabobi biyu na iya zama arba'in da ƙarfe goman safe, su koma biyu bayan isha'i, ba tare da wani ma'aikaci ya taɓa komai ba. A ƙarshen wata a biya kuɗin awannin da arba'in ɗin suka yi, ba kuɗin mallakarsu ba.

Duniya ta ga wannan a fili lokacin annobar korona. Manhajar Zoom tana da masu shiga taro kusan miliyan 10 a rana a watan Disambar 2019. Zuwa watan Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. Babu kamfanin da zai iya saye da girka injinan da za su ɗauki wannan cikin wata huɗu, musamman ana kulle a gida. Zoom ya jingina ne da hayar sabobi daga AWS da Oracle. Kamfanonin biyan kuɗi na Najeriya ma wannan hanyar suka bi. Paystack a kan AWS ya ginu, Flutterwave kuma ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da Microsoft a 2023 don amfani da gajimarensa, Azure.

Rumbun bayanai, inda aikin ya fi wuya

Ƙara sabobi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da faɗaɗa rumbun bayanai, kuma a nan ne yawancin manhajojin gida ke durƙushewa. Rumbun bayanai shi ne littafin da komai ke rubuce a ciki: sunan ɗalibi da makinsa, lambar akawun da abin da ya rage a ciki, lambar fili da sunan mai shi. Sabobi arba'in na iya yin aiki kowace da kanta, amma dole dukkansu su koma ga littafi ɗaya, in ba haka ba gaskiya za ta rabu biyu. A ɗauka mutum na da naira 50,000 a akawun, ya tura 40,000 ta waya a daidai lokacin da ɗansa ke cire 40,000 da katinsa wajen mai POS a Unguwar Rimi. Dole rumbun ya jera su, ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya. Idan ya karɓi duka biyun, banki ya yi asara. Idan ya cire kuɗin ya sanƙare kafin ya rubuta inda suka tafi, sai a samu abin da kowa ya sani: an cire, ba su shiga ba.

Masu gajimare suna bayar da hayar rumbun da su ke kula da shi, kuma dabarun faɗaɗa shi iri biyu ne. Idan yawancin masu zuwa karantawa kawai suke yi, kamar ranar duba sakamako, sai a yi wa rumbun kwafi uku ko biyar masu bin sawunsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Rubutu ya tafi ga uwar, karatu ya rarrabu ga kwafin. Idan kuwa rubutun ne ya yi yawa, kamar a harkar biyan kuɗi, sai a yanka rumbun gida-gida, wannan ya riƙe akawun masu lamba kaza zuwa kaza, wancan ya riƙe na gaba. Aiki ne da a da sai babban banki mai ƙwararrun injiniyoyi ke iya yi. Yau matashi a Malali ko Unguwar Dosa da ke gina manhajar makarantun Islamiyya na iya kunna irinsa daga kwamfutar cinyarsa.

Ga marubucin nan, amfanin da ya fi wannan girma ga mutanen Arewa shi ne kwafin ajiya, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba kaya kaɗai ta ci ba, ta haɗa da littattafan bashi da rasitai na shekaru. A watan Afrilun 2020 wuta ta kama ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja, kuma tambayar farko da jama'a suka yi ita ce ko bayanan kuɗi sun tsira. Kwamfuta ɗaya a ofishin magatakarda, ko faifan ajiya a aljihun teburin akawu, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Manyan masu gajimare kuwa suna gina cibiyoyinsu rukuni-rukuni, galibi gine-gine uku a wurare masu tazarar kilomitoci, kowane da layin wutarsa, ta yadda abin da aka rubuta a ɗaya zai kasance a sauran. Rumbun hayar na ɗaukar kwafi kullum da kansa, kuma idan ma'aikaci ya goge bayanai bisa kuskure da ƙarfe uku, ana iya mayar da rumbun yadda yake da uku saura minti biyar. Abin da ya tura Netflix zuwa gajimare ke nan: a 2008 rumbunsa ya lalace, ya yi kwana uku bai iya aika wa masu hulɗa da shi faya-fayai ba. Ya fara ƙaura zuwa AWS, bai kammala ba sai a farkon 2016.

Kaduna na da abin da ya cancanci irin wannan kariya. Hukumar KADGIS da ke titin Ali Akilu, wadda aka kafa a zamanin gwamnatin Nasir El-Rufa'i, ta mayar da fayilolin filaye zuwa kwamfuta, kuma takardar mallakar gidan mutum yanzu tana dogara ne da lafiyar wannan rumbun. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon tana riƙe da takardun lardunan Arewa tun zamanin Turawa. Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan marigayi Sardauna Ahmadu Bello, yana da rubuce-rubucen ajami da na Larabci da takardun gwamnatin Jihar Arewa. Takarda na tsufa, gara na ci, damina na jiƙawa. Ɗaukar hotonsu a zuba a kwamfuta rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ajiye kwafin a wurare fiye da ɗaya, inda ɗalibi daga Maraɗi ko Sakkwato zai iya karantawa ba sai ya hau mota ba.

Wuta, zafi da ƙura

Akwai wani lissafi da ɗan Landan ba ya yi, amma ɗan Kaduna dole ya yi shi. Saba ba ta barci, kuma tana fitar da zafi, don haka tana son na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, musamman a bazarar Maris da Afrilu. Ƙurar hunturu na toshe mata fanka. Tana son batura da inbata da janareta, janareta na son gas, gas kuma ya haura naira dubu a lita a 2024. A watan Afrilun shekarar aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kowane ma'auni. Sai kuma watan Oktoba, lokacin da lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya haɗu da faɗuwar layin da ke hawowa daga Ugwuaji ta Apir, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Duk asibiti ko makarantar da sabarta ke cikin gininta, a makon nan ko dai ta ƙona gas ba dare ba rana, ko ta kashe. Wadda manhajarta ke gajimare, abin da take buƙata shi ne waya mai caji da sabis.

Wannan ne ya sa matasan da ke koyon rubuta manhaja a Kaduna suka rungumi gajimare tun kafin manyan ofisoshi su waye da shi. A tsallaken kogi, a Barnawa, Sanusi Isma'ila ya buɗe cibiyar CoLab a 2016. Shirin Click-On Kaduna, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya horar da matasa aikin intanet daga 2018. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a ƙarshen 2023 ya sa aikin gajimare cikin fannonin da yake koyarwa. Ga irin waɗannan matasa, bambancin a jari yake. A da, kafin ka san ko manhajarka za ta karɓu, sai ka zuba miliyoyi a injina. Yanzu za ka fara da ƙaramar saba ta 'yan daloli a wata, manyan kamfanonin ma suna bayar da wani kaso kyauta ga mai gwaji. In ta karɓu ka faɗaɗa, in ba ta karɓu ba ka kashe, asararka kuɗin wata biyu.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai kalmar dala da ta fito a sama ita ce babban ƙalubale. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Kamfanin da ke karɓar kuɗi da naira yana biyan haya da dala ya wayi gari kuɗin hayarsa ya ninka uku alhali bai ƙara ko saba ɗaya ba. Wannan ya buɗe kasuwa ga masu gajimare na gida da ke karɓar naira, irin su Layer3 a Abuja da Nobus a Legas, har AWS ma ya fara karɓar naira a watan Janairun 2025. Akwai kuma ɓarnar da mutum ke yi wa kansa: sabar gwaji da aka kunna aka manta ba a kashe ba tana cin kuɗi kowace awa. Ga manhajar da aikinta ba ya hawa ba ya sauka duk shekara, wani lokaci mallakar inji a ajiye shi a cibiyar haya ta fi araha. Gajimare ya fi biyan kuɗinsa ne inda akwai ranar cunkoso.

Na biyu shi ne hanya. Gine-ginen masu gajimaren suna da nisa da Kaduna. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. AWS ya kafa ƙaramin reshe a Legas a farkon 2023. Bayanan da aka aika daga Kawo sai sun bi wayar fayiba ta ƙarƙashin ƙasa zuwa Legas, sau da yawa su shiga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗawa a 2010, ko Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da dama a Najeriya suka kasa aiki yadda ya kamata. A cikin gida kuma, aikin titi kan tsinka fayiba a kai a kai. Jihar Kaduna ta yi abin a yaba da ta yafe wa kamfanonin sadarwa kuɗin haƙa hanyar shimfiɗa waya, a lokacin da ake ta roƙon jihohi su sauko zuwa naira 145 a kowace mita. Amma mutanen Birnin Gwari da Giwa da sassan Igabi da Chikun ba su manta da ƙarshen 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. Manhajar da za ta yi wa asibitin karkara aiki dole a gina ta yadda za ta riƙe bayanai a waya idan sabis ya ɗauke, ta aika idan ya dawo.

Su kansu manyan ba su fi ƙarfin tangarɗa ba. Ranar 20 ga Oktoban 2025 matsala a cibiyar AWS ta jihar Virginia a Amurka ta tsayar da manhajoji masu yawa a faɗin duniya na sa'o'i. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda ba su biya kuɗin ajiye kwafi a wani wuri ba sun rasa bayanansu har abada. Kariyar tana nan, amma sai wanda ya nema ya kunna ta.

Darasin da ya fi kusa da gida shi ne na zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Shafin IReV na hukumar zaɓe, wanda aka yi don ɗora hoton sakamako daga rumfuna sama da 176,000, a kan AWS yake, kamar yadda ya fito a zaman kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Duk da haka sakamakon shugaban ƙasa bai hau a kan lokaci ba, alhali na 'yan majalisa yana hawa. A rahoton da ta fitar daga baya, hukumar ta ce kuskure ne a tsarin manhajar, wadda ta saba jera sakamako a ƙarƙashin jiha, ta kasa samar wa zaɓen da ya shafi ƙasa baki ɗaya gurbi. Jam'iyyun adawa ba su gamsu da bayanin ba. Ko ma wane ɓangare mutum yake, abu ɗaya ya fito: ƙarfin injin haya ba ya gyara manhajar da ba a gwada ta sosai ba kafin ranar aiki.

Sai batun doka da amana. Ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar a 2013 sun ce bayanan gwamnati a cikin Najeriya za a ajiye su. A 2019 hukumar ta fitar da manufar da ke ƙarfafa ma'aikatu su fara duba gajimare kafin su sayi injina. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Haɗa waɗannan wuri guda na nufin ana buƙatar cibiyoyi a cikin ƙasa, kuma kusan dukkan na 'yan kasuwa, irin su Rack Centre, a Legas suke. Abin da Arewa ke da shi mafi girma na kamfanin gwamnati ne, Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006: cibiya a Abuja, da wata a Kano da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023. Kaduna na tsakanin biyun. Ga fayil ɗin mara lafiya a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko bayanan masu biyan haraji, wannan kusancin abu ne da ya kamata a yi amfani da shi.

Duk da waɗannan ƙalubale, hukuncin bai da wuya. Makaranta mai ɗalibai dubu goma, ko asibiti mai zaman kansa a Unguwar Sarki, ko dillalin hatsi da ke da wakilai a kasuwanni biyar, babu ɗayansu da sana'arsa ita ce kula da na'urar sanyaya ɗaki da batura saboda kwamfuta ɗaya. Hayar ta fi musu, muddin sun shiga da ido buɗe. Matsalar da aka fi gani a ofisoshinmu ma ba ta fasaha ba ce. Ɗan kwangila ne zai gina shafi, ya buɗe asusun gajimaren da sunansa da adireshinsa, ya riƙe kalmar sirri. Ranar da aka saɓa da shi, ko ya bar gari, ko Allah ya yi masa rasuwa, ma'aikata ta tarar ba ta da mabuɗin bayananta.

Don haka ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu na Kaduna, kafin lokacin rajista na gaba ya zo, a kira wanda ke kula da shafin a zauna da shi. A tambaye shi da sunan wa aka buɗe asusun, a wace ƙasa bayanan suke, kuma yaushe ne rabon da a ɗauko kwafin ajiya a gwada mayar da shi a ga ko yana aiki. Idan asusun da sunansa yake, a mayar da shi sunan ma'aikata a wannan makon, a kuma rubuta hakan cikin takardar kwangila.